Kayan kiran elk guda uku: wanne ke aiki da asuba, wanne da rana tsaka, wanne da yamma

Elk dabba ce dangin barewa da ke zaune a tsaunukan yammacin Amurka da Kanada. Bijimin da ya ƙosa yakan kai kilo 320, wato ya ɗara gwanki, macen kuma wajen kilo 225. Daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba suke barbara, abin ya fi zafi wajen 20 zuwa 25 ga Satumba. A wannan tsakani bijimi mafi ƙarfi kan tara mata ya tsare su, yana kururuwar da ake ji daga nisan kilomita guda ko fiye, ƙananan bijimai kuma suna zagaye garken suna jiran ya yi sakaci. Maharbi mai kwari da baka, wanda kibiyarsa ba ta da tabbas in ta wuce mita 40, ba shi da hanyar da ta fi ya kwaikwayi muryarsu ya jawo bijimi kusa. Wasu jihohin yamma, ciki har da Kolorado da Montana, sun hana kiran elk da na'ura mai batir, saboda haka aikin na baki ne da hannu.

Kaya uku muka ɗora a ma'auni, domin su ne aka fi gani a wuyan mafarauta: usur ɗin ganɗa na kamfanin Phelps mai suna AMP, bututun kururuwa irin Bully Bull na Rocky Mountain Hunting Calls, da kuma Hoochie Mama na Primos, wanda matsawa ake yi da hannu. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, wanda zai sayi abu ɗaya ya sayi usur ɗin ganɗa ya koye shi tun watan Yuni. Bututu dole ne ga mai neman inda garke yake, amma a yini guda sa'o'in da yake da amfani ba su da yawa. Hoochie Mama kuwa yana da aiki ɗaya da ya iya sosai, kuma mutane suna ɗora masa ayyuka goma. Kuɗin su ukun a haɗe bai kai na takalmin hawan dutse mai kyau ba, don haka ba tsada ce matsalar ba. Matsalar ita ce sanin sa'ar da za a busa kowanne, da sa'ar da za a rufe baki.

Usur ɗin ganɗa

Ɗan ƙaramin abu ne mai siffar kofaton doki: firam na alminiyom, siririyar fatar roba a miƙe a tsakiya, sai tef mai laushi a kewaye. Daga masu kiran talotalon daji aka aro shi, kuma mai ƙera kayan kira Wayne Carlton na cikin waɗanda suka fara yaɗa shi ga masu farautar elk a farkon shekarun 1980. Ana ɗora shi a kan harshe, a manna shi a ganɗa, buɗaɗɗen gefen robar yana kallon haƙoran gaba. Tef ɗin shi ne ke toshe iska don kada ta bi ta sama. Iskar daga ciki take fitowa, ba daga kumatu ba, ta ratsa tsakanin harshe da roba. In aka danna harshe sama murya ta yi tsini, in aka sassauta ta sauka. Kukan mace daga sama yake farawa ya gangaro, cikin daƙiƙa guda ko ƙasa da haka. Kururuwar bijimi akasin haka ce: daga ƙasa, ta hau mataki biyu ko uku, ta tsaya a ƙololuwa daƙiƙa biyu, sannan ta faɗo.

Abin da ya bambanta AMP shi ne ɗan farantin ƙarfe da ke saman robar, wanda ke daidaita zaman usur ɗin a ganɗa ya kuma hana harshe tura robar fiye da kima. Rocky Mountain Hunting Calls ma suna da nasu farantin, wanda Rockie Jacobsen ya ƙirƙira. Ga ɗan koyo wannan faranti babban taimako ne, domin kuskuren farko na kowa shi ne danna harshe da ƙarfi har murya ta maƙale. Kaurin robar yakan kasance wajen 0.003 zuwa 0.004 na inci, kuma kowane launi na tef yana nuna irin kauri da miƙewar robarsa. Siririya ta fi sauƙin busawa, ta fi daɗin kukan mace da na maraƙi, amma tana saurin sakin jiki in aka yawaita kururuwa da ita. Mai kauri tana buƙatar iska da yawa, tana kuma jure duka. A sayi iri biyu, ba ɗaya ba.

Aibinsa biyu ne. Na farko, bakin mutane ba ɗaya ba ne. Mai ƙunƙuntar ganɗa zai ji firam ɗin yana cizon dasashinsa, iska na zurarewa ta gefe; maganin shi ne a nemi ƙaramin firam, ko a rage tef da almakashi kaɗan-kaɗan, milimita ɗaya a kowane yanka, don in aka wuce gona da iri usur ɗin ya tashi aiki. Na biyu, makon farko yana sa yunƙurin amai. Wannan yana wucewa in ana saka shi a baki ana zaune ba tare da busawa ba. Wanda ya jure ya samu abin da sauran biyun ba su da shi: hannayensa duka a sake, yana iya yin kuka alhali ya ja baka ya cika.

Bututu da Hoochie Mama

Bututun ba ya yin sauti da kansa. Roba ce mai tauri, kusan rabin mita, siririya ta wajen baki, mai faɗi ta ƙarshe. Ana yin muryar da usur ɗin ganɗa a hura ta ciki, shi kuma ya ƙara mata kauri da amo irin na ƙirjin babbar dabba. Bully Bull yana riƙe iska kaɗan a bakinsa, abin da ke sauƙaƙa hawa zuwa ƙololuwar murya ba tare da ta karye ba, kuma gurnanin da ake yankawa a ƙarshen kururuwa yana fita da nauyi. Girmansa ne damuwa. In reshe ya buge shi yakan yi wata ƙara ta fanko da babu irinta a daji, don haka kada a cire rigar yadin da ke jikinsa, a kuma rataya shi ta baya lokacin sanɗa.

Hoochie Mama ƙwallon roba ne a kan ɗan bututu. Ka danna da babban yatsa, kukan mace ya fito. Ana murɗa bakinsa a sauya tsawo da kaifin kukan. Yaro ma zai iya shi a minti ɗaya, kuma nan ne ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu. Sautin kusan iri ɗaya ne kowane dannawa, kuma a dazukan gwamnati da kowa ke shiga, elk sun sha jin sa tare da warin mutum. A wurin da ba a matsa musu ba har yanzu yana jawo bijimi. Da sanyin asuba robar takan yi tauri, sai a ajiye shi a aljihun ciki. Kada a jefa shi cikin jaka haka nan, domin kaya na danne shi zai yi kuka a lokacin da ba a so.

Kafin gari ya waye

A tsakiyar Satumba rana kan fito a Kolorado wajen ƙarfe 6:40, doka kuma ta yarda a yi harbi daga rabin sa'a kafin fitowarta zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. Sa'a guda kafin wannan lokaci ita ce sa'ar bututu. Elk sun kwana suna kiwo a filayen ciyawa, iska a kwance take, sauti na tafiya nesa. A hau doron tsauni inda murya za ta faɗa kwari biyu, a yi kururuwar tambaya: siririya, doguwa, ba gurnani a farko, ba yankawa a ƙarshe. Ma'anarta kawai “ina nan, wa ke can?” Sai a yi shiru minti biyu zuwa uku, a cire hula daga kunne. In ba amsa, a yi gaba mita 400 ko 500 a sake.

In bijimi ya amsa, aikin bututu ya ƙare na ɗan lokaci. Nan ne mutane da yawa ke ɓata safiyarsu: daɗin amsar ya ɗebe su, su tsaya suna musayar kururuwa daga nisan kilomita. Uban garke da ke da mata goma ba zai bar su ya taka wannan nisa don faɗa ba. Abin da zai yi shi ne ya tattara su ya yi gaba, yana amsawa yana nisa. A lura da inda muryar ta fito, a rufe baki, a rage tazara da ƙafa.

Daga wayewar gari zuwa hantsi

Ba a fahimtar kiran safe sai an fahimci iskar gangare. Da dare iska mai sanyi tana da nauyi, tana malala daga saman dutse zuwa kwari. Haka take har rana ta dumama gangaren, galibi tsakanin ƙarfe 8 da 10, gwargwadon inda gangaren ke fuskanta. Daga nan sai ta yi ta jujjuyawa na ɗan lokaci, sannan ta koma hawa sama. Su kuma elk da safe hawa suke yi, daga wurin kiwo zuwa makwanci a cikin duhun itatuwa. Don haka da sassafe maharbi ya kasance ƙasa da su ko daura da su, kada ya kasance a sama. Elk na iya yafe sautin da bai yi daidai ba, yana iya yafe motsi kaɗan, amma ba ya yafe wari. Ƙaramar kwalbar hodar gwada iska ta fi kowane usur muhimmanci, kuma a riƙa fesa ta kowane minti kaɗan, ba sau ɗaya ba.

Garken da ke tafiya ba ya juyowa don kira daga baya. A yi ƙoƙarin shan gabansu ta gefe, a matso cikin mita 100 zuwa 150 kafin a sake yin wani sauti. A wannan tazara usur ɗin ganɗa ne sarki. Akwai hanya biyu, kuma muryar bijimin ce ke nuna wadda za a bi. In kururuwarsa mai kauri ce, da gurnani da yankawa, kuma ana jin mata a kusa da shi, uban garke ne. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne wani namiji ya shigo masa gida. A yi kukan mace sau biyu ko uku, in ya amsa a katse shi da kururuwar ƙalubale ta cikin bututu tun bai rufe baki ba, a ɗauki busasshen reshe mai kauri a goga a jikin itace da ƙarfi kamar ƙaho na kankare ɓawo. Wannan ba ya aiki daga nesa. Daga kusa kuwa yakan zo a fusace cikin minti ɗaya ko biyu, don haka kibiya ta riga ta hau tsirkiya. In kuma muryar siririya ce, shi kaɗai yake yawo, ƙaramin bijimi ne da ya sha duka, kururuwa mai ƙarfi korar sa za ta yi. Shi kukan mace kawai yake so, a hankali.

Mutum biyu sun fi ɗaya a nan. Elk na gane daidai inda sauti ya fito, kuma in ya iso inda ya kamata ya hango macen bai gan ta ba, sai ya toge, yawanci a mita 60 zuwa 80, inda kibiya ba ta kai. Mai kira ya koma bayan maharbi mita 40 zuwa 60, a inda tudu ko duhuwa ta ɓoye shi, domin bijimin ya wuce ta gaban maharbi yana neman abin da ke can baya. Kusan kullum zai karkata ya bi ta ƙarƙashin iska don ya shinshina, saboda haka maharbi ya tsaya ta wannan ɓangare. Ya tsaya a gaban itace, ba a bayansa ba, don rassa kada su tare baka. Wanda yake shi kaɗai sai ya juya baya ya yi kiran, ya yi sauri ya matsa gaba mita 20 ko 30 ta gefen da iska ke gangarawa, ya yi tsit.

A nan Hoochie Mama ke da gurbi mai kyau: a hannun mai kira, haɗe da usur ɗin baki. Murya biyu mabambanta, ɗaya daga baki ɗaya daga hannu a bayan cinya, suna ba da hoton mata biyu ko uku suna magana. Shi kaɗai ba ya ba da wannan hoto. Sai kuma aikin tsayar da bijimi mai tafiya don a harba, wanda usur ɗin ganɗa ne kawai ke yi wa maharbi: ɗan gajeren kuka guda bayan an ja baka, ba kafin ba.

Rana tsaka

Daga wajen ƙarfe 10 zuwa 3 yawancin mafarauta suna sansani suna barci, kuma a ganinmu asara ce. Elk na kwance a gangaren da ke fuskantar arewa, inda inuwa ta fi kauri da sanyi, sau da yawa a kan ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar gangare. Matan sun natsu, uban garke ba ya fargabar za su watse, kuma wajen tsakar rana yakan tashi ya zagaya su, ya sha ruwa ko ya yi birgima a tabo. Bijimin da ya ƙi kulawa da safe yana iya zuwa yanzu.

Sai dai kiran rana ba irin na safe ba ne. Iska ta koma hawa, don haka a fito musu ta sama ko ta gefe. In hodar ta nuna iska na kai da komo, a ja da baya a jira, domin garken da aka tasa daga makwanci da warin mutum yakan bar kwarin gaba ɗaya, wani lokaci na kwanaki. In ta tsaya a hanya ɗaya, a zauna mita 150 zuwa 200 daga inda ake zaton suna kwance. A fara da kukan mace ko na maraƙi mai taushi, sau uku ko huɗu, da siririyar roba. A yi shiru minti goma. A ƙara, a haɗa da karya ƙananan rassa da taka ganye, domin elk dabba ce mai nauyi, ba ta tafiya shiru, kuma kuka ba tare da motsin ƙafa ba abin zargi ne. Bututu ba ya fitowa sai in bijimi ya amsa daga kwance da wata gajeriyar kururuwa ta kasala. Ko a lokacin ma, a mayar masa da irinta, kada a fi shi zafi.

A ba kowane zama minti 30 zuwa 45. Bijimin rana yakan zo ba tare da ya ce uffan ba, kuma mafi yawan damar da ake ɓatawa a wannan lokaci ta mutumin da ya miƙe bayan minti 15 ce, ya yi ido huɗu da dabbar a mita 30. A bakin tabon birgima kuwa, in ruwan ya gurɓace kuma wurin na warin bijimi, alamar ana amfani da shi ne, kuma shiru ya fi kira. Hoochie Mama a wannan sa'a yana da ƙarfin murya fiye da bukata; in za a yi amfani da shi a danna shi ta cikin riga.

Akwai haɗarin da kwalin waɗannan kaya ba ya faɗa da babbar murya. Kukan maraƙi kiran abinci ne ga damisar dutse da beyar, kuma a sassan Montana, Wayomin da Aidaho akwai babbar beyar grizzly. Mai dogon zama yana kira ya sa bayansa a jikin itace, maganin fesa wa beyar a ɗamararsa ba a cikin jaka ba. Mutane ma suna zuwa. A Kolorado lokacin baka daga 2 zuwa 30 ga Satumba ne, kuma a tsakiyarsa masu bindigar ɗuri suna shigowa daji na kwana tara. Duk kururuwar da ta amsa nan take, ta yi kyau fiye da kima, kuma tana matsowa a miƙe ba tare da kula da iska ba, a ɗauka mutum ne har sai an ga ƙaho.

La'asar zuwa magariba

Wajen ƙarfe 4 ko 5 garke kan tashi, ya yi ta kiwo a hankali a gefen makwanci kafin ya gangara fili. Yamma ta fi safiya wuya saboda dalili ɗaya: iska za ta juya a tsakiyar aikin. Muddin rana na dukan gangaren tana hawa. Da inuwa ta rufe shi sai ta fara sauka, kuma a kwari mai zurfi hakan na faruwa tun sa'a guda ko fiye kafin faɗuwar rana. Wanda ya zauna sama da hanyarsu ƙarfe 5 yana daidai, ƙarfe 6 kuma warinsa na zuba a kansu. Mafita ita ce a zauna daura da hanyar, a kuma shirya sauka ƙasa da ita da zarar inuwa ta iso.

Amfanin yamma shi ne su ne ke tahowa, ba sai an bi su ba. Kira kaɗan ya isa: kukan mace jefi-jefi don a karkato da bijimi mita 50 daga hanyarsa. Kururuwar ƙalubale tana aiki in uban garke ya matso da kansa yana ruri, amma a duba agogo kafin a fara. Rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 7, cikin itatuwa kuma duhu na riga doka sauka. Bijimin da aka tsokano ya iso bayan an daina ganin wurin sa kibiya an koya masa darasi ne a banza, gobe ba zai zo ba. Harbi a ƙarshen haske kuma yana nufin bin jini da tocila, da feɗe dabba mai kilo 300 cikin dare, domin naman elk da aka bari da fatarsa har safe yakan fara lalacewa ta wajen wuya da cinya ko da ana sanyi. In saura minti 15 kuma yana da nisa, a yi shiru a janye, an san inda za a same shi da asuba.

Bayan duhu bututu na sake amfani, ba don farauta ba, don neman inda za a fara gobe: kururuwar tambaya guda daga bakin hanya a kan kowane kwari, a saurara, a wuce. A gandun daji na ƙasa kamar Yellowstone da Rocky Mountain an haramta kiran elk kwata-kwata, ko da na gwaji ne, don haka ba wurin koyo ba ne, wurin sauraro ne.

In mace ta yi haushi guda mai kaifi kamar na kare, ta ga ko ta ji abin da ba ta yarda da shi ba. Babu ɗaya cikin kayan nan uku da ke gyara wannan in wari ne ya jawo shi. In motsi ne kawai ta gani, tsayawa cik da ɗan kukan maraƙi wani lokaci na kwantar da ita.

Daga tsakiyar Oktoba, lokacin da masu bindiga suka cika daji, manyan bijimai sun rabu da mata sun shige surƙuƙi suna farfaɗowa, kururuwa ta ragu ƙwarai. Bututu ya zauna a gida. Kukan mace na nan da amfani don tsayar da dabba mai gudu ko tattaro garken da ya watse.

Game da ɗorewa, bututu da Hoochie Mama za su yi shekaru. Usur ɗin ganɗa kuwa abin ƙarewa ne: wanda ake busawa kullum robarsa kan saki cikin mako ɗaya zuwa biyu, alamar ita ce ƙololuwar murya ta fara gagara. A tafi daji da huɗu aƙalla, a riƙa musanya su don kowanne ya bushe. Bayan amfani a ɗauraye da ruwa, a bar shi ya sha iska a cikin ɗan akwati mai huji, in usur ɗin mai fatar roba biyu ne kuma a sa tsinken sakace tsakaninsu don kada su manne. Zafi da hasken rana ne ke kashe robar, yini ɗaya a gaban gilashin mota ya isa. Waɗanda ba a buɗe ba a ajiye su a firji har kaka mai zuwa.